Wanda Reshenmu Ya Zaɓa

Shekarun farko na mulkin kai, ni da yayana muna cikin wani reshen jam'iyyar talakawa a Haɗeja. Abin da muke taƙama da shi ɗaya ne, ba mai yanke mana hukunci, kome za a yi sai an ɗaga hannu. Wallahi ko tabarmar zama za a sauya sai an ɗaga hannu.

Wata damina muka yi lacca a bakin kasuwa ba izini. Washegari 'yan doka suka aiko a fito da wanda ya shirya taron, in ba haka ba su kwashe mu kaf. To wa ya shirya? Dukanmu mana. Shugabanmu, wani tela mai zaƙin baki, ya ce a zaɓi mutum ɗaya ya ɗauki laifin.

Nan fa kowa ya shiga karanto uzurinsa. Wannan shinkafarsa tana fadama, wancan gyatumarsa ba lafiya. Can wani ya kawo sunan Yaya, wai masunci ne, matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, ba mai jiransa a gida. A kan idonsa aka faɗi haka, ko sadakar arba'in ɗin matar ba a yi ba. Hannuwa suka tashi rututu. Na yi masifa, aka ce ba ni aka ba dama ba. Yaya ya ce tunda jama'a ta yanke, shi ke nan, ya miƙa kansa.

An yi masa bulala, an ɗaure shi. Sai bayan kaka ya fito, ya rame, ga tari, kafaɗar dama ta lalace, ko tuƙa kwalekwale ba ya iya yi. Bai damu da wannan ba. Taron reshenmu na ranar Jumma'a kawai yake ɗoki, har rigarsa ya wanke da kansa.

Muna zama tela ya gyara murya, ya yaba wa Yaya son ransa. Sannan ya ce yanzu idon 'yan doka yana kan Yaya, duk inda ya zauna za a biyo shi, don haka a ɗaga hannu ko ya dace ya ci gaba da zuwa taro. Marasa kunya! Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Yaya ya tambaya a hankali, "Shugaba, ni ma zan ɗaga?"

"Ai haƙƙinka ne, Malam. Har yanzu namu ne kai."

Da aka ce masu son ya zauna, ya tallafi gwiwar hannunsa da hagu, ya ɗaga da ƙyar. Ni da shi ne kawai.

Akwai sauran magana a gaban taro, saboda haka suka zauna suna jiran Yaya ya tafi. Ya daɗe a bakin zaure yana laluben takalmansa cikin nasu, ba a ci gaba da taron ba sai da ya fita.