Zoɓon Ɗan Maƙera

Har yau idan na tuna zangon ƙarshe na fim ɗin nan sai raina ya ɓaci. Na san duniya kaf ta yi fushi da shi, amma su fushinsu na waya ne, su rubuta su goge su ci tuwonsu. Ni kuwa yardar surukata ya ci min, kuma yardar Inna ba a sayenta a kasuwa.

Tun rasuwar mahaifin maigidana muke zaune da ita a gidanmu na Tudun Wada. Ni malamar Turanci ce, saboda haka duk abin da ya shigo gidan da Turanci, ta bakina yake bi kafin ya kai kunnenta. Takan ce wa baƙi, "Abin da Malama ta faɗa, shi ne." Ina jin daɗin maganar nan, ba zan ɓoye ba.

Fim ne na Turawa mai dogon zango, labarin wani gari da matsafa suka sace wa kogi, da wani saurayi ɗan maƙera da ke hawan mikiya yana yaƙarsu. Ni kaɗai nake kallon abina, sai wata Asabar bayan la'asar Inna ta leƙo ta ga yaron yana jan zugazugi. Shi ke nan! Ita ma jikar maƙera ce. Ta ja tabarma ta zauna, ta ce in fassara mata. Kafin wata ya ƙare matan makwabta uku sun shigo sahu, kowace da gyaɗarta.

To ga matsalar. Ɗan maƙeran nan jarumi ne, amma tantirin ɗan iska ne, ga giya ga bin mata. Yanzu fisabilillahi, wace mace ce za ta buɗe baki gaban uwar mijinta ta fassara irin wannan? Ranar da Inna ta ga jan abu a kofinsa ta ce me yake sha, kunya ta kama ni, na ce zoɓo. Da ya riƙe hannun wata ya nufi ɗaki da ita, na danna rimot na tsallake, na ce ƙanwarsa ce, maganar gado za su yi. Daga nan baki ya saba. Shekara shida ina wanke yaron nan, duk zango da sabuwar ƙanwa ko biyu, har suka kai tara. Inna takan girgiza kai ta ce, "Allah sarki, ɗa namiji ɗaya a cikin mata tara, ga shi da zumunci." Idan ya fita yaƙi har addu'a take ja masa a hankali, tana tsammanin ba mu ji.

Sai zangon ƙarshe ya zo. Kai, masu rubutun nan ba su kyauta ba! Yaƙin da aka yi shekara shida ana shiri, suka gama shi kamar mai sauri ya kama mota. Mikiyar ta mutu da kibiya ɗaya, ko waiwayarta ba a yi ba. Ɗan maƙera kuwa ya sha ya bugu, ya buɗe wa matsafa ƙofar gari saboda wata mace, aka kashe shi a bayan rumbu kamar ɓarawon kaza. A ofishin malamai, garin muhawarar fim ɗin, sai da shugabar makaranta ta leƙo ta ce mu rage murya. Mai tura mana fim ɗin a filashi ya ce zagin da ya sha a makon nan, ko shi ya rubuta abin sai haka.

A gidanmu abin ya fi ƙarfin zagi. Wannan karon ba abin da zan tsallake, gari na ci da wuta a gaban idon kowa. Wata makwabciya ta ce sammu aka yi masa. Wata kuma ta ce an ba marubutan cin hanci ne, ta tattara gyaɗarta ta fice ba sallama. Inna ta ce, "Ƙazafi ne. Sun yi wa ɗan mutane ƙazafi, don sun ga ba shi da kowa."

Washegari da hantsi ta ce in ɗauko takarda da biro, za mu rubuta wa masu fim ɗin wasiƙa, ita ta faɗa da Hausa ni in juya. Da a nan na faɗi gaskiya da an wuce wurin. Ban faɗa ba. Na zauna ina rubuta cewa yaron da bai taɓa sa giya a baki ba sai zoɓo, mai riƙe da marayu tara, ba zai sayar da garinsu ba, su ji tsoron Allah su sake.

Muna cikin haka ƙanwar maigidana ta yi sallama. A Hanwa take aure, ita ma ta kalli fim ɗin a gidanta, kuma bakinta ba ya da linzami. Ta leƙa takardar ta kafaɗata, ta karanta layi biyu, sai ta faɗi kan kujera tana dariya har da riƙe ciki.

"Haba Inna, wane zoɓo? Ai mashayi ne tun fitowar farko! Ƙannen ma duk 'yan matansa ne. Anti, ke kika ce mata zoɓo?"

Ni a ranar da ƙasa za ta tsage da na shige. Na harare ta, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Inna ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Malama, haka ne?"

Na ce, "Kunya ce, Inna."

Ta ce, "Shekara shida ina yi wa mashayi addu'a." Ta miƙe ta shige ɗakinta.

Na yi fushi sosai, kuma har yanzu ina ganin da gaskiyata. Da na fassara mata abin yadda yake, da cewa za a yi matar ɗanta ba ta da kunya. Na rufe, an ce ni maƙaryaciya ce. Ina ake so mutum ya sa kansa? Da marubutan nan sun bar yaron ya mutu a bakin daga kamar kowane jarumi, da asirina a rufe yake har gobe. Maigidana da na kai wa kuka dariya shi ma ya yi, ya ce kwana biyu Inna za ta huce. Ta ci gaba da cin abincina, tana amsa gaisuwata, har na ɗauka ya fi ni saninta.

Bayan mako uku na raka ta asibiti ganin likita, saboda jiri da ke damunta. Likitan sabo ne, ɗan kudu, ba ya jin Hausa ko ta sannu. Ya duba takardar gwajin jininta, ya cire tabarau, ya yi min bayani. Sukarinta ya hau sosai, har ya fara taɓa mata ido. Na juya zan yi magana, sai Inna ta ɗaga min hannu. Ta yafuto wata nas da ke wucewa ta ce, "'Yata, zo ki gaya min abin da ya ce."

Nas ɗin ta faɗa mata komai, ba ragi. Inna ta saurara, ta yi tambaya biyu a kan abinci, ta yi godiya. Ina tsaye a gefe riƙe da jakarta kamar wadda aka ɗauko haya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, lokacin da ta ɗaga hannun nan, "da sauƙi, Inna" ce a kan harshena.