Gaisuwa a Ƙarƙashin Taga

A shekarar da korona ta sa aka hana baƙi shiga gidan tsofaffin da nake aikin jinya a garin Greenbelt, can ƙasar waje, akwai wata tsohuwa 'yar Zariya da ɗanta ya kawo bayan ɓarin jikinta ya shanye. Ni kaɗai ke jin Hausa cikin ma'aikata, don haka duk ƙorafinta a kaina yake sauka. Ina ce mata Hajiya, tana ce min mai kunnen ƙashi.

Aka ce dangi su riƙa zuwa bakin taga ta waje. Mako biyu da fara haka Hajiya ta daina cin abinci. Ko kunun gyaɗar da nake damo mata tun daga gidana a Woodbridge ba ta kallo. Waya kuma ba ta da amfani, kunnenta ya yi nauyi.

"Ya yar da ni," ta ce. "Kowa nasa na zuwa, ban da ni."

Raina ya ɓaci. Na kira ɗan na wanke shi tas. Sai da na gama ya ce, "Wallahi, sista, kullum da la'asar ina nan. Ita ce ba ta amsawa."

Ban yarda ba. Washegari na zagaya bayan ginin don in kama shi da ƙarya. Sai ga shi, babban injiniya da furfurarsa, durƙushe a jiƙaƙƙiyar ciyawa ƙarƙashin tagar, kai a sunkuye, yana ta jero gaisuwa. Tagar ta kai ƙirjin mutum, kuma ba ta buɗuwa. Daga gadonta ko hularsa ba ta hangowa.

"Haba Alhaji, miƙe mana ta gan ka!"

"In gaida Hajiya a tsaye?" Ya dube ni kamar na ce ya zage ta. "Na ɗauka fushi take don na kawo ta nan."

Dariya ta kama ni, tausayi kuma ya sa ni ƙwalla.

A ƙarshen barandarmu akwai ƙofar gilashi har ƙasa. Na nemi izini, na turo Hajiya a kekenta, na kira shi ya zagayo, na riƙe mata wayata don ya ji muryarta. Ya durƙusa a waje. Ta daɗe tana kallonsa.

"Tashi, wandonka ya jiƙe," ta ce. "Dubi yadda ka rame. Ba ka cin abinci ne?"

Sannan ta juyo gare ni. "Ke, ina kunun nan?"