Bisimillar da ke Saman Hatimin Sarki

Jiya wani attajiri daga unguwar Abhur ta bakin teku ya kawo tsohuwar takardar umarni ta wani sarkin Farisa shagonmu na unguwar Bani Malik, yana so a saka ta a firam. Ina warware ta, warin tsohuwar takarda ya buge ni, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Shi ya koya mini wannan sana'a a shagon nan. Wata rana an kawo masa irinta, sai da ya wanke hannu ya goge a gefen riga kafin ya taɓa. Bai iya Farisanci ba, amma ya nuna hatimin da yatsansa mai busasshen gam ya ce, "Duba, ɗana. Sarkin nan da layi ɗaya yake ba da gari sukutum, amma hatiminsa a ƙarƙashin Bisimilla yake. Ya san matsayinsa."

Ta jiya kuwa, danshin teku ya ci samanta, daidai gefen Bisimillar, ga shi ta fi firam ɗinmu tsawo. Kafilina, wato mai shagon da ya tsaya mini nake zaune a ƙasar nan, ya miƙo mini almakashi ya ce, "Yalla, maza datse saman, halas, a wuce wurin. Wa zai lura?"

Iƙamata, takardar izinin zamana, a hannunsa take, amma na ce, "Wallahi ba zan yanke ba." Na jawo katako. Sabon firam zan haɗa mata, ko da zai sallame ni in na gama.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya girmama sunanKa a shagon nan, ya Allah, Ka ɗaukaka nasa.