Kuɗin da Ke Cikin Kujerata

Ku matso kusa, ku rage murya, don abin da zan faɗa muku sai da na yi wata guda ina ɓoye shi ko ga 'ya'yan cikina. Yanzu kam ɓoyo ya ƙare. Mai kantin bakin layinmu ma ya sani, in na aika sayen sukari sai ya ce a gaida masa mai kuɗi.

Ni mutuniyar gida ce. Tun da muka baro Sudan ina hawa na biyu a wani tsohon gini a unguwar Ammariyya a nan Jidda, kuma in ba asibiti ko Harami ba, da wuya ku gan ni a titi. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Daga kicin ina gane takun kowa a matakala. Na san mai jan silifa, na san mai tsallake mataki biyu, na san Hajiyar sama, aminiyata, wadda take tsayawa a kowace kwana ta yi salati saboda gwiwa.

Muna da wata doguwar kujera mai cin mutum uku, nan muna ce mata kanaba. Ta karan-miski ce, ruwan ƙasa, mai nauyi kamar an zuba mata duwatsu. Maigidana Alhaji ya saye ta shekarar da ya samu aikin tuƙi a wani gida a Abhur. A kanta na yi jego uku. Duk wanda ya zo Umra daga danginmu ya kwana a kanta, wasu har suna tambayar lafiyarta a waya. A kanta ni da Hajiyar sama muke tsinke zogale muna gulmar farashin tumatir.

To, sai kuɗin cizo ya shige ta. Kun dai san shi, ƙwaron nan ja mai faɗi da ke laɓewa cikin ɗinki. Ko a jakar wani baƙo ya zo, ko a matasan kujerar da Alhaji ya kwaso a kasuwar tsofaffin kaya, Allah kaɗai ya sani, ko da yake ni na fi zargin matasan, shi kuma ya fi zargin dangina. Na wayi gari na ga ƙuraje a jere a damtsena. Na ɗaga ɗinkin kujera, sai na zauna daɓas a ƙasa. Ni da nake goge tayil sau biyu a rana! Ni da mata suke cewa a ƙasan ɗakina ma sai a zuba tuwo a ci!

Muka kira mai feshi, na ce wa mutanen gini kyankyasai ne, don kyankyaso kowa na da shi, ba abin kunya ba ne. Ya fesa ko'ina, ya dawo ya sake. Da ya zo kan kujera sai ya ƙwanƙwasa katakon ya girgiza kai.

"Halas, Hajiya. Gidanki ya tsira, amma wannan sun yi gari a cikinta. Sai waje."

Da can in kana da babban kaya da ka gaji da shi, sai ka ajiye gefen durom ɗin shara, kafin azahar wani ya ɗauke, kowa ya huta. Abin da nake tsoro ke nan. Duk wanda ya ɗauki wannan, masifa ya kai gidansa. Babban ɗana, wanda ke zaune a Safa da iyalinsa, ya ce yanzu baladiyya, wato hukumar gari, tana turo babbar mota ta kwashe irin waɗannan kaya in an sanar da ita ta waya. Ya zo ya ɗauki hoton kujera ya tura. Ban gaya masa dalili ba, na ce dai ta tsufa. Aka ce ranar Talata da hantsi, kuma a fito da ita bakin layi, don lungunmu mota ba ta shiga.

Ranar Litinin da la'asar na ji salati a kwanar matakala. Na tare ta a bakin ƙofa don kada ta shigo ta zauna. Kwana da kwanaki ina yi mata haka, yau in ce ina wanki, gobe in ce kaina ke ciwo.

"'Yar'uwa, na ji an ce za ki fitar da kanaba."

"Wa ya gaya miki?"

"Ke kaɗai ke da kunne a ginin nan? Ki ba ni ita. Ƙanena da matarsa da yara suna tafe ƙarshen mako, falona ba komai sai darduma. Kin ga sai ya samu wurin miƙe ƙafa."

Maganar ta zo har bakina, na haɗiye.

"Ai an riga an rubuta ta a baladiyya, Hajiya. Ba a sokewa."

Ta dube ni sosai. "Ba a sokewa."

"Haka yaron ya ce."

"To. Gara dai a ba mota." Ta juya ta hau. Na ji ta har sama, ba ta tsaya ta yi salati ko a kwana ɗaya ba. Tun muna goyon 'ya'yan fari muke tare da matar nan, gishiri ba ya ƙare mata in ina da shi, ga shi yau ta tafi da cewa na hana ta tsohuwar kujera.

Talata da sassafe Alhaji ya naɗe kujerar tsaf da leda mai kauri, ya bi ta da salatif ta ko'ina, don ko ɗaya kada ya faɗo a matakala. Shi da ɗana suka sauke ta suna nishi. Da suka ajiye ta bakin layi na leƙa ta tagar falo, na ce inna lillahi. Cikin ledar nan sai ƙyalli take, kamar yanzu aka sauke ta daga kanti! Ɗana ya wuce aiki. Alhaji kuwa, wanda shi kaɗai ya san sirrin, ya tuna wai yana da saƙo a Abhur, ya sulale ya bar ni.

Dole na saka abaya na sauka gadi. Ku ji fa, ni da ba na fita, ga ni tsaye a titi ina gadin shara. Cikin ɗan lokaci na kori mai ƙaramar motar kwasar ƙarafa, na kori wani tela, na kori wasu mata biyu da har sun kama hannuwanta za su ɗaga. Kowa na ce masa ta baladiyya ce, sai ya kalle ni kamar mai taɓin hankali.

Ana haka sai ga matar ɗana, ya turo ta ta taya ni. Yarinyar kirki, haifaffiyar Jidda, iyayenta Hausawa ne amma Larabci ya fi zama a bakinta. Tana jin Hausa, sai dai ta sama-sama. Ni kuma na bar wake a wuta, har daga nan kamar ina jin ruwansa na ƙonewa. Na ja ta gefe na yi ƙasa da murya.

"Ɗiyata, tsaya nan, kada ki bar kowa ya taɓa ta. Akwai kuɗin..." Daidai nan limamin masallacinmu ya zo wucewa, ya yi mana sallama. Na haɗiye sauran. Da ya wuce na ce, "Kin dai gane. Akwai kuɗi a ciki. Da yawa."

Tsofaffinmu haka suke gajarce sunan, su ce kuɗi kawai, kowa ya gane. Na manta da wa nake magana.

Ta zaro ido. "Da yawa, Ummi?"

"Ba sa ƙirguwa. Kada ki gaya wa kowa."

"Abadan, Ummi. Ke tafi, ni nan."

Na hau, na tarar wake ya kama. Na juye, na kankare, na sake ɗorawa, na tsaya yanka albasa. Tagar kicin ɗina tana kallon lungu ne, ba ta ganin bakin layi, amma tana kawo sauti. Na ji takun Hajiyar sama ta sauka za ta kanti. Jim kaɗan na ji ta dawo da sauri, sauri irin wanda ban taɓa jin gwiwarta ta yi ba. Ta sake sauka. Na ce ko lafiya? Sai na ji wani sauti siriri daga nesa, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Almakashi ne yana cin leda. Kuma na san almakashin, na ɗinkinta ne mai sassauƙan ƙusa.

Ban san yadda na sauka ba, da ludayi a hannuna. Na tarar matar ɗana ta zauna daram a tsakiyar kujera ta baza hannuwa kamar kaza a kan ƙwai, Hajiya ta durƙusa ta farke leda ta gefe tana neman bakin ɗinki, mata huɗu sun yi musu katanga da abayoyinsu. A daidai lokacin kuma ga babbar motar baladiyya tana shigowa da baya tana ƙara, ma'aikata biyu cikin kayan aiki suna tafe gefenta.

Hajiya ta ɗaga musu hannu. "Ku dakata! Minti ɗaya!" Ta juyo gare ni, fuskarta duk gumi. "Ke wace irin mace ce? Tsufa ya fara taɓa ki? Ki ɓoye kuɗinki a kujera, sannan ki kira mota ta kwashe? Ba don yarinyar nan ta gaya min ba, da tarin shekarunki ya tafi juji!"

Matar ɗana ta ce, "Ma'alesh, Ummi, ita kawai na faɗa. Tana so ɗauka, na ce la, fulus a ciki."

Ku duba fa. Jiya na ɓata mata rai, yau ga ta a durƙushe a titi da ciwon gwiwa tana ceton dukiyata. Bakin almakashi ya riga ya shiga ɗinki. In ta ƙara ƙyas ɗaya, ƙwarin za su watsu a hannun rigarta, ta hau da su sama, ta shimfiɗa wa ƙanenta. Na dubi matan, na dubi mai kanti da ya fito, na dubi ma'aikatan. Na rufe ido na buɗe baki.

"Kuɗin cizo ne!"

Har direban ya kashe mota.

Hajiya ta zare almakashi a hankali kamar mai cire ƙaya. Matan huɗu suka ja da baya tare. Matar ɗana kaɗai ke zaune tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

"Ummi, kuɗi yana cizo?"

Hajiya ta faɗa mata sunan ƙwaron da Larabci, "Bagg, yarinya! Bagg! Tashi!"

Wallahi ban taɓa ganin mutum ya tashi sama haka ba. Ta yi tsalle, ta yar da jaka, tana kakkaɓe abaya tana juyi tana kiran uwarta. Sai dariya ta ƙwace wa Hajiya, ta zauna a ƙasa tana bugun cinya. Matan suka kama, mai kanti ya kama. Da aka fassara wa ma'aikatan, ɗaya ya jingina da mota yana share hawaye. Ni ma ina tsaye da ludayi, kunya na cina, sai na ji ina yi har cikina na ciwo.

Babban ma'aikatan ya karɓi salatif wurin mai kanti ya liƙe inda aka farke. Ya ce min da Larabci na kyauta da na naɗe ta, kuma in an gaya musu tun farko sun fi jin daɗi, don su san yadda za su ɗauka. Suka sa safar hannu, yalla, suka cilla ta ciki. Na ji ƙarar katakonta da ta sauka, wannan ƙarar da take yi duk lokacin da Alhaji ya zauna, sai idona ya ciko. Na aika musu ruwan sanyi, suka sha suka tafi.

A matakala Hajiya ta tsaya a kwanar farko, ta yi salatinta, sannan ta ce, "Na kwana ina cewa me na yi miki."

"Kunya ce, 'yar'uwa."

"Kunyar wa? Shekarar da na hana ki hawowa mako guda na ce fenti muke yi, kin taɓa jin warin fenti?"

Na tsaya. Na tuna lallai a wancan makon na riƙa jin fis, fis, fis ta saman silin, na ce a raina wannan wane irin burushi ne.

"Ke ma?"

"Katifa biyu na fitar, na ce wa mutane sadaka na kai wata unguwa."

Muka shiga gidana. Na sa matar ɗana ta tuɓe komai, muka zuba a tafasasshen ruwa, har da rigar Hajiya, muka shanya a rufin gini inda rana ke dukan gaske. Na ba yarinyar tsohuwar atamfata. Ranar ta fara ɗaura zane a rayuwarta, sau uku yana kwancewa, Hajiya na cewa, "A hagu ake sokewa, matar mai kuɗi!" Muka baje a ƙasa inda kujera take da, tayil ɗin wurin ya fi sauran haske, muka ci waken da ya ɗan yi ƙauri da shayi mai na'ana'a. Yarinyar ta ce suna da matasan zama na ƙasa a Safa da ba sa amfani da su, gobe za ta sa mijinta ya kawo wa Hajiya. Hajiya ta ce ta karɓa, amma sai ta bincika ɗinkin da kanta, ko a samu wani abin arziki.

Alhaji ya dawo bayan la'asar yana tambaya ko an kwashe lafiya. Tun daga bakin layi aka riga aka yi masa barka da arziki.

Har yau falon ba kujera, kuma ban yi kewarta yadda na zata ba, don Hajiya ta ce ƙasa ta fi yi wa gwiwarta daɗi. Amma wani lokaci ina yanka albasa sai in tuna Litinin ɗin nan a bakin ƙofa, da maganar da ta zo bakina na haɗiye. Ku gaya min tsakani da Allah, da ku ne, a matakala za ku faɗa mata, ko ku ma sai kun ji ƙarar almakashi?