Karan da Aka Yanka Daidai Tsawona

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai iya ɗauke ranar Alhamis ɗin nan daga kaina. Lokacin ina malamin gona a Kebbe, jihar Sakkwato tana sabuwa, kuɗi na yawo, gwamnati ta ba ni babur. In na ratsa ƙauye ina tsuga gudu, ji nake gwamna ma sai dai ya gaishe ni. Allah ya yafe mana wautar ƙuruciya.

A shekarun nan an yi ta tsintar gawarwaki a fadamun da ke tsakanin Kebbe da Tambuwal. Yau makiyayi, bayan wata biyu mai tallan goro, wani lokaci mutum biyu a tashi ɗaya, kowanne da sara a ƙeya. Mutane suka ce iskokin fadama ne, aka yi ta sauke Alƙur'ani.

Mutum ɗaya ne bai yarda da zancen iska ba, wani abokin mahaifina a Tambuwal, tsohon ɗan sandan ciki. Ya bi maganar har ya yi ritaya bai kama kowa ba, abin ya tsaya masa a rai. Duk inda aka yi jana'izar irin waɗannan mamata sai ka gan shi a gefe yana kallo. Ni kaina na sha yi masa dariya a bayan ido.

Ranar nan da hantsi ya iske ni ofis, ya ce in kai shi gidan wani manomi da ke zaune shi kaɗai a bakin fadama. Na yi murna, don mutumin nawa ne. Duk zuwan da zan yi sai ya dama mini fura, ya yi ta yabona. Ga shi da zuciyar taimako, ko'ina aka yi rasuwa shi ne kan gaba wajen haƙa kabari.

A hanya tsohon ya ce, "Ɗana, in anka yi mutuwa, yaushe aka yanka karan awo?"

Na ce, "Bayan an shimfiɗe mamaci mana, Baba. A gwada kara a jikinsa, a kai wa masu haƙa."

"Awo, haka na. To mutumin naka da karanai shika zuwa, a yanke. Jana'iza shida nika kallo nai, bai taɓa shiga wurin gawa ba, kuma kabarin bai taɓa yin kaɗan ba."

Sai da babur ya yi tangal-tangal a hannuna.

Mun isa rana ta take, ba kowa a gidan. Ko kaza babu, sai kukan kurciya daga nesa. Tsohon ya zagaya bayan rumbu, na bi shi. A can inuwa muka ga karan dawa guda huɗu a jingine, an fere su tsaf, tsawonsu ba ɗaya ba. Kowanne an ɗaura masa ƙyalle a ka. Na ƙarshen, abin da aka ɗaura masa yankin buhun takin zamani ne, irin wanda ni kaɗai ke rabawa a yankin.

Nan na tuna. Makon da ya wuce ina duba wa manomin dawa, ya tsayar da ni yana dariya, wai mu gani ko dawarsa ta fi malamin gona tsawo. Ya jingina kara a bayana, ni kuma har da miƙe wuya don kada a rage ni. Kafin mu rabu ya ce in dawo bayan sallar Juma'a ya nuna mini wata gona a cikin fadama, ni kaɗai, don kada maƙwabta su sa ido. Juma'ar kuwa washegari ce.

Tsohon ya ɗauki karan ya tsayar kusa da ni. Ya zo daidai tsakar kaina. Tsoron da na ji bai bar ni ko salati na yi ba.

"Malam, kun yi sammako. Gobe munka yi da kai."

Muryar manomin ce a bayanmu. Yana tsaye da gatari a kafaɗa, yana murmushin nan nasa na kullum. Tsohon bai ko girgiza ba. Ya ce, "Aje gatari mu gaisa. Fuɗun ga na wa na?"

Mutumin ya dubi karan, ya dube ni. Daidai nan mutanen mai gari su biyar suka ɓullo daga cikin dawa. Ashe tun da asuba tsohon ya aika musu su laɓe. Manomin ya ajiye gatarin a hankali, ya miƙa hannuwansa.

Ana ɗaure shi tsohon ya tambaye shi dalili. Ya ce, "Ranar jana'iza kaɗai aka nemana. Ran nan kowa na sanin sunana." Sannan ya juyo gare ni, da tausayi a fuskarsa, ya ce, "Da ka samu kabari mai kyau, Malam. Ban taɓa kuskure ba."

An kai shi Sakkwato, shari'a ta yi aikinta. Sauran karan uku har ya mutu bai faɗi masu su ba. Wataƙila na sha musabaha da su a kasuwa, ba su sani ba.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, uku daga cikin jana'izun nan ina wurin. Na ga karan a hannunsa da idona, na ce Allah ya saka masa da alheri. Duk garin mun gani, mutum ɗaya ne kawai ya tambayi yaushe aka yanke shi, shi kuma muka mayar da shi abin dariya. Tun daga ranar na daina raina mai yawan tambaya, domin tambaya ɗaya ce ta sa na kai shekarun da nake ba ku wannan labari.