Babban Yatsan Safara'u

A shekarun nan kafin Turawa su tafi, Safara'u mai tuwon sayarwa a Kwanar Dangora ba ta tambayar masunci komai. Babban yatsanta take dannawa a bayan kifi. In naman ya dawo, ta saya. In gurbin yatsa ya zauna, ta yar da shi a gaban mutane. Giwar ruwa ta fi ƙarfinta, karfasa kuwa dagargajewa take a tukunya, don haka tarwaɗa take nema, mai arha, mai jure tafasa.

Wanta Maikano ke kawo mata daga kogi, shi da ya rene ta bayan rasuwar iyayensu. Wata damina ciwo ya kumbura masa ƙafafu, ran nan bai iso ba sai azahar, kifin duk ya saki.

Ta danna, gurbi ya zauna. Ya ce, "Ki karɓa haka, ƙanwata, ƙafar ce ta hana ni sauri."

Ta sunkuya ta danna ƙaurinsa. Nan ma gurbi ya zauna.

Ta goge yatsan a zaninta ta ce, "Yaya, kai ma ka saki." Sannan ta kira masuncin da ke bayansa.