Ɗakin Zomo Ya Cika

Kawuna ya tsufa a bayan tagar sayar da tikiti a sinima. Tagar ƙarama ce, hannun mutane kawai yake gani. A gida kuwa shi ne alƙalinmu, abin da ya faɗa ya zauna.

Da hutun makaranta ya zo, finafinan yara biyu suka kara: na zomo mai tuƙa jirgi da na kifi mai waƙa. Kowa zomo yake so. Mai sinimar, wani marar kunya, yana da hannun jari a fim ɗin kifi, sai ya umarci Kawu ya riƙa cewa ɗakin zomo ya cika. Kawu ya bi, kansa a sunkuye.

Ran nan wani hannu ya shigo ta taga, Kawu ya ce, "Ya cika, sai kifi." Sannan ya gane zoben da ke hannun. Yayarsa ce, mahaifiyata, muna bayanta.

Wata mata a layi ta ce, "Ƙarya ne! Yanzu na leƙa, ɗakin wayam."

Mama ta juya a fusace. "Baiwar Allah, iya bakinki. Ƙanina ne, ni na goya shi, bai taɓa ƙarya ba." Ta sake miƙa hannu. "Ba mu na kifin, Auta."

Ya ba ta.

Har yau Mama na ba da labarin yadda ta kare shi. Da ta fara, sai Kawu ya hau laluben takalminsa.